Daga Hurumi Zuwa Yankari: Tarihin Gandun Daji a Arewacin Nijeriya

Ran 1 ga watan Disamba, 1962, Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe ƙofar Yankari ga jama'a. Wannan ne karo na farko a ƙasar nan da hukuma ta keɓe daji, sa'an nan ta ce wa mutane su zo su shiga don kallo da shaƙatawa. Kafin wannan rana an yi kusan shekara hamsin abin da talaka ya sani game da gandun daji shi ne iyakarsa, da malamin da ke tsaronsa, da tarar da alƙali zai ci shi in an kama shi a ciki da gatari. Tarihin gandun daji a Arewa ya ta'allaƙa ne a kan waɗannan umarni guda biyu, watau "kada ka shiga" da "zo ka gani", kuma halin da dazuzzukan suke ciki a yau ya samo asali daga yadda na farko ya rinjayi na biyu.

Daji a Idon Bahaushe

Ya kamata a fara da kalmomi, domin a cikinsu al'umma take ajiye ra'ayinta. Bahaushe ya raba duniyarsa gida biyu, gari da daji. Gari shi ne inda ake da sarki da alƙali da liman da kasuwa. Daji kuwa, ko dawa, ko jeji, mazaunin namun dawa ne da iskoki da 'yan fashi. Tsakaninsu akwai gona, da saura wadda aka bari ta huta, da makiyaya, da burtali inda shanu ke bi. In itatuwa suka yi duhu a bakin rafi a ce kurmi, in aka yi nisa da mutane ƙwarai a ce ƙungurmin daji ko dokar daji. Wannan ta ƙarshe abin lura ce, don a rubuce ba ta da bambanci da dokar da Turawa suka kafa a kan daji, ko da yake a baki kalmomin biyu ba ɗaya ba ne.

Ba a shiga daji sai da dalili. Mace ta shiga don itacen girki ko 'ya'yan kaɗanya da ɗorawa, maƙeri don gawayin ƙirya, masassaƙi don icen turmi da ƙotar fartanya, boka don saiwa da sassaƙe, mai amya don zuma, Bafillace don ciyawa, maharbi don nama. Abin da ya fi kusa da nishaɗi shi ne farautar rani, sa'ad da samarin ƙauyuka suke fita da karnuka da gora da kiɗa, amma ko ita ma da zomo da gada ake komowa. Mutumin da ya ce zai tafi daji don ya kalli giwa kurum ya dawo hannu rabbana, lalle da an tuhumi hankalinsa.

Wannan ba ya nufin daji ba shi da mai shi. Akwai sarkin dawa da sarkin baka masu iko a kan maharba, akwai kurmin da Maguzawa ba su yarda a sari ko reshe a cikinsa ba saboda tsafi, kuma itacen gona irin su ɗorawa da tsamiya da kuka kowanne an san wanda yake da hakkin 'ya'yansa. A Damagaram ana ba da labari cewa Sarki Tanimu ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Musulunci kuma ya zo da nasa tsari. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'i kusa da Madina don dawakin Musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, kuma malaman fiƙihu sun yi bayanin filin da ba a yarda wani ya mallake shi ba a kewayen gari ko rijiya. Abdullahi ɗan Fodiyo ya tattauna waɗannan hukunce-hukunce a littafinsa Ta'alimur Radi. Abin da Hausa ta kira hurumi ke nan: fili ne da shugaba ya hana a nome shi domin jama'a duka su amfana da shi.

Sai dai manyan dazuzzukan da Turawa suka tarar ba hurumi ne ya tsare su ba, yaƙi ne. Dajin Gundumi da na Rugu sun yi kauri ne saboda hare-haren da ake yi tsakanin Daular Sakkwato da Gobirawa da Katsinawan Maraɗi, har babu mai iya kafa ƙauye a tsakani. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa Gundumi a 1853 cikin ayari, suna tafiya dare da rana ba zango don tsoron mahara. Haka kudancin Kano, inda Falgore take, ya zama kufai saboda harin Ningawa a rabin ƙarshe na ƙarni na sha tara. Inda yaƙi bai kori mutane ba, ƙudan tsando ya kore su da shanunsu. Da aka daina yaƙe-yaƙe bayan 1903, sai manoma suka fara fita daga bayan ganuwa suna sheme daji, kuma a daidai wannan lokaci ne dokar Turawa ta zo ta tare su.

Dokar da Ta Zo daga Indiya

Ingilishi ba su da al'adar kula da daji ta kimiyya a ƙasarsu, a Indiya suka koya, a hannun Jamusawa. A 1864 suka naɗa Dietrich Brandis babban sufeton dazuzzukan Indiya, aka yi dokoki a 1865 da 1878 waɗanda suka ba gwamnati ikon keɓe daji da ƙayyade abin da mazauna wurin za su iya ɗiba. Daga wannan ma'aikata ne H. N. Thompson ya baro Bama ya zo Kudancin Nijeriya a 1903 ya shugabanci sashen daji. Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914 aka yi dokar daji ta 1916 don ƙasar duka, aka sake ta a 1937. A Arewa aikin ya fi sauƙi ga hukuma, domin tun 1910 an yi shela cewa ƙasa duka tana ƙarƙashin ikon Gwamna. Burin ma'aikatar shi ne ta keɓe kashi 25 cikin ɗari na ƙasar Nijeriya. Abin da ta iya kaiwa bai wuce kusan kashi 10 ba.

Dalilinsu a fili yake. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ma'adinan kuza na Jos suna cin itace, birane suna girma, noman gyaɗa da auduga yana cinye saura. Ana bukatar katako da makamashi da kiyaye mafarin koguna. Manufar ke nan, watau tattalin itace don amfanin gobe. Dokar ba ta san da mai yawon buɗe ido ba, kuma namun daji ma wata doka dabam aka yi musu a 1916, wadda galibinta magana ce ta lasin farauta da haƙorin giwa.

Yadda ake keɓe daji kuwa yana da kyau ma'aikacin gwamnati na yau ya san shi, don akwai abin koyi a ciki. Da farko a yi sanarwa. Sa'an nan a tura jami'i ya zauna da hakimi da dagatai da talakawa, ya rubuta hakkin da kowane ƙauye yake da shi a wannan daji: hanyar da suke bi, mashayar dabbobinsu, ɗiban busasshen itace, cirar ciyawar jinka, 'ya'yan itatuwa, zuma, wani lokaci har da gonakin da aka tarar, waɗanda ake zagaye su a bar su a matsayin tsibiri. Bayan haka a share iyaka, a jera tarin duwatsu ko ginshiƙan siminti, a buga a jaridar gwamnati. Mafi yawan gandayen Arewa na En'e ne, ba na gwamnatin tsakiya ba. Malaman daji ma'aikatan En'e ne, kuɗin lasin da tara baitulmalin En'e suke shiga, mai laifi kuma kotun alƙali ake kai shi. Dajin Kamuku, alal misali, En'e ta Birnin Gwari ce ta keɓe shi a 1936.

A nan ne zaɓin kalma ya tona asirin al'amarin. Da aka zo fassara, ba a ce hurumi ba, aka ce gandu. Gandu kuwa ko dai gonar maigida ce wadda 'ya'ya da ƙanne suke nomawa ƙarƙashinsa, ko kuwa gonar sarki wadda talakawa suke yi wa aiki ba don suna so ba. Duk wanda ya ji "gandun daji" ya san ba nasa ba ne. Hakkokin da aka rubuta suna cikin takarda da Turanci a ofishin Razdan, abin da yake gaban manomi shi ne malamin daji mai ikon ƙwace gatari. Har itacen da ke tsakiyar gonar mutum, in yana cikin jerin waɗanda aka hana, sai da izini zai sare shi. Ba a taɓa rasa malamin da ya mai da wannan iko hanyar karɓar kaza da damin dawa ba. Duk da haka adalci ne a faɗi cewa tsarin ya yi aiki gwargwado: ana share iyaka kowace shekara, ana ƙona gefen daji da wuri kafin ciyawa ta bushe sarai don kada gobarar rani ta cinye shi, ana biyan albashi a kan kari, kuma dagacin da ya bari aka yi gona a cikin gandu yana iya rasa rawaninsa.

Hukumar ma ba bakinta ɗaya ba. A 1935 E. P. Stebbing, shaihin malamin ilmin daji a Jami'ar Edinbara, ya tayar da hankalin London da cewa Sahara tana gangarowa kudu za ta cinye ƙasar Hausa, ya nemi a kafa katangar itatuwa. Aka naɗa kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa ya bi iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 da 1937, ya dawo ya ce bai ga shaidar wannan gangarowa ba, abin da ya gani ɓarnar sara da ƙuna ce a wurare. A shekarar 1937 ɗin nan kuma aka fara aikin Anchau a Lardin Zazzau, inda ma'aikatar lafiya ta sa aka sare kurmin bakin rafuffuka don kashe tsando da ciwon barci. Manomi ɗaya yana iya biyan tara bana don ya sari itace, baɗi a kira shi aikin tilas na saran itace.

Yankari

Ra'ayin keɓe daji don kallo daga wata hanya dabam ya biyo. Amurka ce ta fara shi da Yellowstone a 1872, ta kuma kawar da Indiyawan da ke farauta a wurin. A can ma an daɗe ana jayayya tsakanin Gifford Pinchot, wanda ya sha karatu a hannun Brandis kuma ya shugabanci ma'aikatar dajin Amurka daga 1905, da John Muir mai ganin akwai wuraren da bai kamata a taɓa su ba ko kaɗan. Sai a 1960 majalisarsu ta yi dokar da ta jera amfani biyar na dazuzzukan gwamnati, ta sa shaƙatawa a sahu ɗaya da katako, da kiwo, da ruwa, da namun daji. A Afirka kuwa yarjejeniyar London ta 1933 ce ta nemi masu mulkin mallaka su kafa irin waɗannan wurare. Faransa ta riga Ingila a wannan yanki: ta keɓe Waza a arewacin Kamaru a 1934, ta kuma ɗaukaka dajin W na Nijar a 1954. Nijeriya ba ta motsa ba sai 1956, lokacin da Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe Yankari a Lardin Bauchi.

Faɗin Yankari murabba'in kilomita 2,244 ne, a ƙasar Alkaleri. Kogin Gaji ya ratsa ta, kuma shi ne sirrinta. Da damina namun daji suna warwatse cikin dogayen ciyayi, ba mai ganinsu. In rani ya yi, tafkuna suka ƙafe, sai dole su gangaro Gaji: giwaye, ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, gadu, birai, da zakin da ke bin sawunsu, ga dorina da kada a ruwa. Saboda haka mai ziyara a watan Maris ko Afrilu, in ya shiga motar zagaya da sassafe ko da la'asar, da wuya ya dawo bai ga abin ba da labari ba. Daɗin daɗawa ga maɓuɓɓugar Wikki, wadda ruwanta yake fitowa daga ƙarƙashin dutse garai-garai, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Kusa da ita aka gina masauki. Wanda bai damu da giwa ba zai zo don wanka, kuma ba ƙaramin abu ba ne wannan, domin shi ya sa Yankari ta sami baƙi 'yan ƙasa, ba Turawa kaɗai ba. Ɗaliban makarantun sakandare da na jami'a da aka riƙa kaiwa cikin manyan motoci, da ma'aikatan da suka yi hutun Kirsimeti ko na Salla a can, su ne Hausawa na farko da suka shiga daji don nishaɗi suka koma gida suna labarin yadda gwaggon biri ya wafce musu burodi.

Masu tallar wurin sukan ce daji ne da hannun ɗan Adam bai taɓa ba. Ƙasar da kanta ta ƙaryata su. Akwai kufan matoyar tama masu yawa a Ampara da Shau Shau, akwai rijiyoyin Dukkey fiye da ɗari da aka haƙa aka haɗa su ta ƙarƙashi, akwai kuma koguna fiye da hamsin da aka fafe a jikin dutse don zama, waɗanda ake kira da sunan P. J. Marshall da ya ba da rahotonsu a 1980. Mutane sun zauna a nan, sun narka ƙarfe da gawayin itatuwan nan, sa'an nan wani abu ya tashe su. Jikokin maƙwabtansu suna nan a Duguri da Fali da Gwana, kuma tun ranar da aka ja iyaka farautar da kakanninsu suka yi ta koma laifi.

Nasarar Yankari ta sa wasu suka kwaikwaya. An yi dokar namun daji ta Arewa a 1963. Audu Baƙo, Gwamnan Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya mai da hankali ga Falgore, ya gina gidan namun daji a birni, da masaukin baƙi a Bagauda da Tiga, da niyyar mai ziyara ya kwana a bakin ruwa ya wayi gari a daji. A 1979 aka haɗa Borgu da Zugurma aka yi gandun ƙasa na Tafkin Kainji, na farko da Gwamnatin Tarayya ta riƙe. A Barno akwai Sambisa, wadda a wancan zamani sunanta ba ya tuna wa kowa komai sai giwa da jimina. Amma babu ɗaya daga cikinsu da ta sami baƙi irin na Yankari, sauran ɗaruruwan gandayen itace kuwa ba a ma yi tunanin buɗe su ga kowa ba.

Yadda Igiyar Ta Kwance

Abin da ya riƙe gandun daji shi ne En'e, kuma En'e ta rushe a hankali. A 1967 aka raba Jihar Arewa gida shida, aka raba ma'aikata da taswirori da fayiloli, waɗansu ba a sake ganinsu ba. Ba da daɗewa ba aka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun sarakuna. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa aikin, dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa filaye a hannun gwamnoni. Babu mai musun cewa En'e tana da zaluncinta, amma da aka kawar da ita ba a ɗora wa kowa nauyin da take ɗauke da shi ba. Hakimi ba ya jin tsoron a tambaye shi, ƙaramar hukuma tana son kuɗin lasin amma ba ta son kuɗin share iyaka, jiha kuma tana ganin gandu a matsayin filin da ba shi da mai kuka, wanda za a iya yanka wa babban mutum gona, ko a yi rukunin gidaje. Ana nan sai kuɗin man fetur ya zo, abin da itace yake kawowa baitulmali ya zama ba a bakin komai ba.

Ta wajen makiyaya ma haka. Dokar 1965 ta tanadi keɓe makiyaya, an kuma mai da wasu gandaye, kamar na Ruma da Kukar Jangarai a ƙasar Katsina, wuraren kiwo. Kaɗan ne aka kammala musu takardu, gonaki suka cinye burtali, farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985 ya turo garkuna kudu. Bafillacen da ya rasa hanya ya rasa mashaya ba shi da sauran wurin da babu gona sai gandun daji. Ya shiga, ya zauna, ba makaranta, ba asibiti, ba hukumar da ta san da shi sai ranar kamu. Annobar bushiya ta 1983 ta nuna yadda shanu da namun daji suka cakuɗe, don ta kashe shanu ta kuma kashe ɓauna.

Yankari ta fi sauran sa'a, amma ita ma ta sha juyi. Dokar soja mai lamba 36 ta 1991 ta mai da ita gandun ƙasa tare da Kainji, da Tafkin Chadi, da Gashaka Gumti, da Kuros Riba, da Tsohuwar Oyo. Aka ƙara Kamuku da Okomu a 1999. A 2006, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, Jihar Bauchi ta nemi a mayar mata da abinta, aka mayar. An kashe kuɗi mai yawa a kan gine-gine da hanya, kuma a shekarar ne aka kawo raƙuman dawa da jakunan dawa daga Namibiya aka zuba a Sumu. Gini abu ne da ake iya buɗewa da almakashi a gaban 'yan jarida, alawus ɗin mai gadin da zai kwana bakwai a daji yana bin sawun maharba kuwa ba ya shiga labarai. A shekarun da suka biyo baya an kashe giwaye da yawa don haƙorinsu. Sai da jihar ta yi yarjejeniya a 2014 da wata ƙungiyar kiyaye namun daji mai hedkwata a New York, wadda ta ɗauki nauyin sintiri da abincin masu gadi da horonsu, sa'an nan kisan ya ragu ƙwarai. Garken giwayen Yankari yana cikin mafi girma da suka rage a Nijeriya, zakunanta kuwa 'yan ƙalilan ne. Manomin da ke bakin iyaka yana da nasa lissafi: giwa tana iya cinye gonar masararsa a dare ɗaya, kuɗin da baƙo ya biya a ƙofar Mainamaji kuwa ba ya ganin ko kwabo a ciki.

A kan wannan batu na maƙwabcin daji, abin da ya faru a ƙasar Maraɗi ya isa misali. Dokar Faransa ta 1935, da ta Nijar ta 1974 da ta gaje ta, sun mai da itatuwa masu daraja mallakar hukuma ko da a gonar mutum suke. Sakamakon haka manomi ya riƙa tumɓuke tsiro tun yana ƙarami, don kada ya girma ya jawo masa malamin daji. Daga 1983, musamman bayan yunwar 1984, wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da manoman yankin suka fara barin tohon da ke fitowa daga kututture suna gyara shi, hukuma kuma ta sassauta, har dokar 2004 ta ƙarfafa hakkin mai gona. An ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo a kan hekta wajen miliyan 5 a kudancin Nijar, ba tare da gandun reno ko motar ban ruwa ba. Mutanen nan Hausawa ne kamar na Katsina da Daura, ƙasar ma ta fi bushewa. Abin da ya sake shi ne amsar tambayar wane ne mai itacen.

Masu Shiga na Ƙarshe

Daji ba ya zama babu kowa. In mai gadi ya daina sintiri, baƙo bai zo ba, maƙwabci kuma an hana shi, wani zai shiga wanda bai nemi izinin kowa ba. Da farko masu gawayi ne da masu injin yankan katako. Daga wajen 2013 'yan kasuwa suka afka wa madobiya a Taraba da Adamawa da Kogi don kai wa Sin, har aka sa itacen cikin jerin waɗanda yarjejeniyar duniya ta ƙayyade cinikinsu a 2017, aka dakatar da fitar da shi daga Nijeriya a 2018. Sa'an nan masu bindiga. Boko Haram ta kafa sansani a Sambisa, can aka nufa da 'yan matan Chibok 276 da aka sace a watan Afrilu na 2014. Kamuku da Kuyambana sun zama mafakar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, har hanyar Birnin Gwari ta gagari matafiya. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara aka shiga da su dajin da ya haɗa Katsina da Zamfara, watau yankin nan na Rugu da ayarin fatake suke tsoro shekara ɗari da hamsin da suka wuce. Dalilan wannan fitina suna da yawa, kuma ba daji ne ya haife ta ba. Amma taswirar maɓoyar 'yan bindiga da taswirar gandayen da En'e ta keɓe sun yi kama da juna ƙwarai, kuma a cikin waɗannan gandaye wanda ya fi daɗewa bai faɗa hannunsu ba shi ne wanda motar baƙi take zagayawa safe da yamma. Ko shi ma tun 2022 ana kai hare-hare a ƙauyukan Alkaleri da ke kewaye da shi.

A ƙarshen 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da ƙarin gandayen ƙasa guda goma, ciki har da Falgore a Kano, da Baturiya a Jigawa, da Kogo a Katsina, da Allawa a Neja. A watan Mayu na 2025 kuma ta amince a ɗauki dubban masu gadin daji, a horar da su, a ba su makamai. Aikin da aka ambata musu a sanarwar shi ne fatattakar 'yan ta'adda daga dazuzzuka fiye da dubu.